Surukin Da Ya Ƙi Cin Tuwo

Tun da hantsi Hajjo take tsaye a kicin ɗin gidansu da ke hawa na tara a unguwar Pantai Dalam ta birnin Kuala Lumpur, tana kaɗa miya. Shekarar korona ce, jirgi ya daina zuwa daga gida, kukar da ta rage mata ba ta fi cokali biyar ba a gindin gwangwani. Ko mijinta Malam Kalilu, wanda ke koyarwa a jami'a, ta hana shi. Yau ga shi ta juye uku a tukunya, saboda an sassauta kulle, kuma saurayin 'yarta Raudatu zai zo gaisuwa karon farko.

"Umma, filis kada ki tsare shi da tambaya," in ji Raudatu tana goge faranti.

"Ke tafi can! Dogon naki ne ba a tambaya?"

Abdulwahidu Gatluwak sunansa, ɗan Sudan ta Kudu, ubansa ɗan ƙabilar Nuwer, uwarsa 'yar ƙabilar Dinka, Musulmi tun daga kakansa. A ɗakin karatun jami'a suka haɗu. Da ya iso sai da ya sunkuya kafin ya shige ƙofa. Ya durƙusa har ƙasa, takunkumi a fuska, ya ce, "Ina wuni, Umma," da Hausar da Raudatu ta yi sati tana koya masa. Hajjo ta ji daɗi, ta dire masa tuwon shinkafa yana tururi.

"Makan, makan!" ta ce, wato ci, ci, don da Malayanci kaɗai suke ɗan fahimtar juna.

Yaro ya dafa ƙirji ya yi godiya, bai taɓa ba. Ruwa ma bai kurɓa ba. Tuwo ya huce a gabansa har ya yi sallama.

Ƙofa na rufuwa Hajjo ta fashe. "Kukata! Kukar da na hana ubanki! Ƙyamata yake, ko gani yake na zuba masa korona a miya? Wallahi wanda ya raina tukunyata ba zai ɗauki 'yata ba!"

Raudatu ta shige ɗaki da kuka, ta kira shi a waya. "Haba Abdul, me ka yi haka? Ka san abin da ka ɓata?"

Ya ce, "Raudatu, a garinmu namiji ba ya ci ba ya sha a gidan uwar yarinyar da yake nema, sai ranar da uwar da kanta ta buɗe masa baki bayan aure. In na ci, na mayar da ita kamar kowa ke nan. Ƙamshin miyar nan har yanzu yana hancina, da yunwa na koma unguwarmu Cheras."

Ta kai wa uwar wannan bayani, Hajjo ta taɓe baki. "Uzurin 'yan boko! A daina kawo min sunansa."

Raudatu ba ta yi musu ba. Ta rame, sai addu'a.

Ba a yi wata ba cutar ta shigo gidan. Malam Kalilu ya fara, Hajjo ta bi, aka ɗaura musu jan abin hannu, alamar masu cutar, aka killace su. 'Yan uwa na nesa, maƙwabta na tsoro. Amma kullum bayan azahar sai a ji ƙwanƙwasa sau biyu, in Raudatu ta leƙa sai ta ga leda rataye a ƙarfen ƙofa, ƙunshin shinkafa da romon kaza daga kedai, wato shagon abinci, da lemon tsami da citta. Mai kawowa, Abdulwahidu, yana can bakin matakala da hular babur a hannu. Kwana goma sha huɗu bai yi fashi ba, har ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Ran nan Hajjo ta ji dama-dama, ta leƙa ta gan shi sharkaf. Tausayi ya kama ta, ta tura masa shayi ta ƙasan ƙarfen ƙofa. Ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai, bai ɗauka ba.

Ta ce wa Raudatu, "Kin gani ko? Yana ciyar da ni kamar marainiya, nawa kuma ƙazanta ne!"

Da la'asar ta kira yayar mahaifinta, Gwaggo Indo, a bidiyo daga Kano, ta zayyana mata komai. Tsohuwa ta kawo fuska dab da waya har hanci kaɗai ake gani.

"Hajjo, shekara nawa kika yi a ƙasar mutanen nan?"

"Sha biyu, Gwaggo."

"To sun wanke miki kai tas! Kalilun da ke kwance a nan, kin taɓa ganin ya kai loma baki a gaban uwarki har ta koma ga Allah? Ba ta bayan gida yake zagayawa ba in ya hango ta? Ke kanki kin taɓa kiran sunan ɗanki na fari? Yaro ya zo miki da kunya tun daga ƙasarsu, irin wadda 'ya'yanmu suka yar, ke kuma kina kiranta raini. Wanda ke ƙyamarki ne zai yi sati biyu a ƙofarki kina tari?"

Hawaye ya zubo wa Hajjo. Ta jawo Raudatu ta rungume. "Yafe min, 'yar nan. Ni ce na manta gida."

Da aka buɗe hanya, Malam Kalilu ya ce ba zai ba da 'ya ba sai ya ga tushe. Suka tafi su uku har ɗan ƙaramin garin su Abdulwahidu a bakin kogi, bukkoki da shanu masu dogayen ƙaho. Tun a mota Hajjo take bitar abin da aka gaya mata: ba a tambayar mutum yawan shanunsa, ba a nuna bijimi da raini. Kakarsa, tsohuwa mai tsawo kamar shi, ta kama tafin Hajjo ta yi masa tofin albarka. Raudatu ta tsorata, don ta san uwarta da man wanke hannu a jaka. Hajjo kuwa ta shafa a fuska ta ce, "Amin. Mu ma haka muke yi." Sannan ta sa aka tambayar mata yadda ake buɗe wa suruki baki, aka ce da kyauta daga hannunta, da kiransa da bakinta.

Bayan ɗaurin aure a Kuala Lumpur, Hajjo ta juye cokali biyun nan na kuka da ta ɓoye. Ta ajiye masa sabuwar hula zanna a gefen faranti, ta ce, "Ɗana, na buɗe maka baki. Bismillah." Ta koma kicin don kada ya ji nauyi, tana leƙe ta labule.

Ya cinye tas, ya raɗa wa Raudatu magana. Ita kuwa ta kwashe da dariya. "Umma! Wai ko akwai ƙari?"

"Akwai mana! Yunwar shekara biyu ce, ba shi tukunyar!"

To 'yan mata, haƙurin Raudatu ne ya kai ta, ba ta ɗaga wa uwa murya ba har gaskiya ta yi halinta. Ku kuma iyaye, in baƙo ya yi abin da ba ku gane ba, ku tambaya kafin ku yanke. Kowane gari da yadda yake girmama mutum, wani da ci, wani da barin ci.