Daƙiƙa Uku a Hawa na Biyar

Ƙarfe goma da kwata na safe aka bugo waya caji ofis cewa wani mai walda ya faɗo daga hawa na biyar na wani bene da ake ginawa. Kafin Sufeto ya isa an lulluɓe gawar da buhunan siminti. Leburori kuwa har sun yi alƙalancinsu sun gama, sun ɗaure yayan mamacin a jikin motar yashi.

Sufeto ya ɗaga buhun. Abin ba kyan gani. Amma a kuncin hagu akwai yanka uku sirara a jere, kamar an ja reza, faɗuwa kuma ba ta yin irin wannan.

"Wa ya ga faɗowarsa?"

Babu. Kowa ƙara kawai ya ji.

"To me ya sa kuka ɗaure wannan?"

"Yallaɓai, da kunnenmu muka ji," in ji shugaban leburori. "Da safe ya ce masa in ya sake hawa sama ba bel ɗin kariya, shi da hannunsa zai jefo shi."

"Na faɗa," in ji yayan. "Wallahi na faɗa. Kullum haka nake masa faɗa, ba ya jin magana. Ƙanena ne fa, yallaɓai! Ina bayan gini ina jidar bulo."

"Wa ya gan ka a can?"

Ya sunkuyar da kai. Aka saka shi a mota.

Sufeto ya hau hawa na biyar yana haki, don tumbinsa ya daɗe da daina shiri da matakala. A kan katakon da mamacin yake tsaye ya tsinci wani ɓallin baƙar roba, siriri kamar bakin wuƙa. Shugaban leburori ya ce guntun fayif ne. Matar da ke sayar wa ma'aikata abinci a bakin get ta leƙo ta taɓe baki.

"Fayif ɗin lafiya? Fiffiken abin nan ne mai kukan zuma, wanda ke tashi yana ɗaukar hoto. Tun safe yake hana mu sakat."

Sai a nan shugaban ya tuna, wai mai ginin ya ɗauko wani mai duron, wato ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto, ya yi masa bidiyon talla. Ya rantse mutumin ya tafi tun kafin tara. Sufeto ya lura shi kaɗai ke gumi a inuwa.

A caji ofis ya tarar da uwar yaran zaune a ƙasa dirshan a gaban kantar 'yan sanda, takalminta ƙafa ɗaya. Ta kama ƙafar wandonsa.

"Ɗan nan, su biyu Allah ya ba ni. Ɗaya yana asibiti a kwance, ɗaya kun kulle. Me zan koma gida in tarar? Shi ya goya shi, shi ya koya masa sana'a. Ku kulle ni, ku sake shi ya je ya ɗauki ƙanensa."

"Mama, tashi. Ina kan aikin."

Ba ta tashi ba. Ogansa kuma ya kira shi ciki, ya ce asibiti za su ba da gawa ƙarfe biyu, fayil ɗin kisan kai ya kasance a teburinsa ƙarfe huɗu. Shaidu goma sha ɗaya sun ji barazana, me kuma ake nema? Sufeto ya fito zuciyarsa a dagule. Ya san in fayil ya hau teburin nan, saurayin ba zai sake kwana a gida ba sai ya yi furfura.

Shagon mai duron ɗan ƙaramin ɗaki ne mai sanyi, da allon kwamfuta biyu da kujera mai juyawa. Kyaftin ake ce masa, ko da yake ko tsani bai cika son hawa ba. Duron ɗin na kan tebur. Farfela uku sun sha ƙura, ta huɗu sabuwa fil.

"Jiya na canza ta," in ji Kyaftin tun ba a tambaye shi ba.

"Ina son memorin ɗaukar yau."

"Ayya, na goge, yallaɓai. Da na gama haɗa aiki nake sharewa. Amma ga bidiyon da na haɗa, minti ɗaya ne, ba komai a ciki."

Aka kunna. Duron ya tashi daga ƙasa a hankali, kiɗa na bin sa, ya kewaya bayan gini, sai ya zabura, fuu, hoto ya narke kamar an shafa jiƙaƙƙen fenti da hannu, sannan ya lafa a kan rufin.

Sufeto ya gyara zama ya yi fuskar ɗan ƙauye. "Kai, wannan aiki! Ni fa ko hoton waya ban iya ba. Wannan zaburar, jirgin ne ke gudu haka?"

Kyaftin ya yi murmushi. Mai sana'a ko a bakin rami yake, in ka yabi aikinsa sai ya yi maka darasi.

"Ina! A nan nake yi. Ka ga layin nan? In na ja shi sama, daƙiƙa talatin ta koma uku. Amma in ka bar shi haka hoton tsalle-tsalle zai riƙa yi, sai ka zuba masa dishi-dishin gudu, komai ya shafe, ido ya ga kamar gudun gaske ne."

"To yaya kake sanin inda za ka sa gudu?"

"Inda ba komai mana. Bango, fili, hanya. Wurin da ke da kyau kuwa rage gudu ake yi, mai kallo ya more."

"Kamar me?"

"Kamar mai walda yana aiki. Tartsatsin nan in ka rage masa gudu, wallahi kamar ruwan zinariya." Ya buɗe tsofaffin ayyukansa guda uku yana nunawa. A kowanne, da an zo kan mai walda sai hoto ya yi sanyi, tartsatsi na zuba ɗaya-ɗaya.

Sufeto ya ce, "Mayar da ni kan na yau. Tsaya nan, kafin gudun."

Hoto ya tsaya. Ga mai walda a kan katako a hawa na biyar, wuta na tashi a hannunsa. Can ƙasa a kusurwar hoton, ga wani mutum ɗan mitsitsi da bulo a ka, a bayan gini.

"Wannan tartsatsin bai yi maka kyau ba ne, Kyaftin? Ko'ina kana rage gudu a kansa, yau kaɗai ka tsallake shi da gudu."

"Kiɗan ne... kiɗan ya buƙaci haka."

"Wuce gudun. Tsaya."

Katakon nan na nan, inuwar ginin ba ta gusa ba, amma babu kowa a kai. Rufin kuma ya karkace a hoton, yana ɗan karkarwa.

Sufeto ya ciro ɓallin robar daga aljihu ya ajiye kusa da sabuwar farfelar. "Akwai yanka uku a fuskarsa. Likita zai gwada su da wannan. Ka faɗa min da bakinka, ko ka faɗa wa alƙali."

Kyaftin ya kawar da ido daga allon. Da ya buɗe baki, muryar ba tasa ba ce.

"So nake in ratsa ta cikin tartsatsin. Ba wanda ya taɓa yin haka a garin nan. Shugaban leburori ya ce in yi abina, kada dai in gaya wa yaron, don kada ya kalli kyamara ya ɓata hoton. Iska ta ɗan ture duron. Ya ɗago kai kawai..." Ya rufe fuska. "Na ga an kama yayansa. Ina cikin mota ina kallo."

"Me ya hana ka yanke wurin gaba ɗaya?"

"Na yanke. Sau biyu ina yankewa ina mayarwa. Hawan nan daga ƙasa zuwa sama a ɗauka ɗaya, ban taɓa samun irinsa ba. Na kasa zubar da shi."

Sufeto ya miƙe. Ya sa masa ankwa, ya ce a kwashe kwamfutar, a biya a ɗauko shugaban leburori.

Ƙarfe huɗu saura aka shigo da su ta gaban kanta. Tsohuwar tana nan inda ya bar ta. Ko kallon Kyaftin ba ta yi ba da aka wuce da shi ciki, idonta na kan ƙofar da ake buɗewa.

Yayan ya fito yana riƙe da wandonsa, ya durƙusa a gabanta.

"Inna, an kai shi?"

"Ba a kai shi ba. Tun biyu mutane ke aiko min, na ce ba mai taɓa shi sai ka zo." Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe. "Tashi mu je, yana jiranka."