Hular Malam a Kan Kyamara

Ranar da Lauratu ta fara ganin Ƙasim, ƙafafunsa ta fara gani, domin yana can saman tsani a jikin bangon Islamiyyar mahaifinta da ke Garo, yana ɗaura kyamarar tsaro. Ta tashi ɗalibanta ke nan. Ta ɗaga kai ta dubi abin, ta taɓe baki.

"Sannu da aiki, mai tsani. Duk sana'o'in duniya ka rasa ta yi sai ta leƙen mutane?"

Ƙasim ya leƙo ƙasa, saura kaɗan filaya ta suɓuce masa. "Malama, ni ɗakin batir aka ce in sa wa ido. Mutane kuwa, yau na fara ganin wadda ta isa a kalla."

"Allah ya shirye ka," ta ce. Sai da ta shige soron gidansu, wanda bango ɗaya ya raba shi da makarantar, sannan ta bar murmushin ya fito.

Shekarar da aka cire tallafin mai ce, komai ya yi tsada, ɓarayi suka kwashe batiran solar makarantar. Wanda ya sayo kyamarar Mahbub ne, ɗan wani attajirin Gwarzo da ke zaune a Abuja, mai neman auren Lauratu ta waya. Irin mutanen nan ne da ko ruwan leda suka ba almajiri sai sun ɗauki hoto. Kyamarar mai juya wuya ce, daga waya ake sarrafa ta ko mutum yana wani gari. Ƙasim ya saita ta tana kallon ƙofar ɗakin batir, ya haɗa ta da wayar Malam Nata'ala, mahaifin Lauratu, da ta Mahbub da ya ce zai riƙa taya gadi, sannan ya goge ta daga tasa. Malam kuwa bai ƙara buɗewa ba, ya ce kuɗin data gara ya sayi alli.

Abin mamaki, daga nan kyamarar nan ta riƙa buƙatar dubawa kusan kowane mako. Fetur na tsada, amma babur ɗin Ƙasim bai san haka ba. In ya koma shagonsa a Gwarzo, sai saƙo ya shigo wayar Lauratu.

"Laurena, na iso Gwarzo lafiya. Kyamara ƙalau take, mai gyaran ne ba shi da lafiya."

"Mai tsanina, ka sha magani. Ko ka turo manya su nemo maka."

Ya turo kawunsa. Malam ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Wannan mai maƙala ido a bangon mutane? Allah ya hana bin diddigin asirin Musulmi, shi kuma da shi yake cin tuwo. Don dole na bari ya ɗaura min, ba don in ba shi 'ya ba. Kuma akwai wanda ya riga shi magana."

Lauratu ta yi kuka, amma wanda ya fi wannan ciwo yana tafe. Wata safiya ta fito za ta aji, ta ga kyamarar ta juyo kai tana bin ta kamar ƙadangare. Ta tsaya, kyamarar ta tsaya. Ta matsa, ta biyo ta. Ranta ya ɓaci, ta rubuta wa Ƙasim:

"Ashe Baba ya fi ni gaskiya. Ka zauna a shagonka kana kallona kamar fim? Tir da halinka. Kada ka ƙara kirana."

"Wallahi Laurena, ba ta cikin wayata. Waya biyu kawai na haɗa, ta Malam da ta wanda ya saya."

Ta ajiye wayar. Mai laifi dama me zai ce?

Mahbub da kansa ya warware maganar, don mai izza ba ya iya ɓoye abin da yake ganin gwaninta ne. Ya iso Garo ranar Juma'a da rana, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga soro. Ya miƙa wa Malam waya yana hura hanci.

"Baba, ka ga abin da 'yarka take yi. Ga ta nan tsaye da wannan leburan tana masa dariya. Da wani ne, wurin Hisba zai kai. Ni dai a sa mana rana kawai, na yafe mata."

Malam ya karɓa. Ga Lauratu da hijabinta, ga Ƙasim kan babur, ga ɗalibai na wucewa. Malam bai saba da irin wayar ba, yatsansa ya zame, wani bidiyon ya buɗe. Tsakar gidansa ne. Matarsa Uwaliya ce da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, tana tankaɗe. Ya ƙara turawa, ga Lauratu tana taje gashi a bakin rijiya. Ashe in aka juya kyamarar, ta saman katanga take leƙawa.

"Wace ce wannan?" Malam ya tambaya a hankali.

"Inna ce... ai duk cikin tsaro ne, Baba."

"Kada ka sake ce min Baba. Goge su a gabana. Duka. Sannan ka ɗauki takalmanka, ka sa su a waje."

Mahbub ya fita yana tuntuɓe da babbar rigarsa. Malam ya jawo tsanin makaranta, ya hau da kansa duk da ciwon gwiwa, ya cire hularsa ya kifa wa kyamarar. Ranar mutanen unguwa suka fara ganin kan Malam Nata'ala a buɗe.

Lauratu tana bayan ƙofa, ta ji komai. Ta ɗauki waya ta rubuta:

"Mai tsanina, na zalunce ka. Ka yafe min."

"Na yafe tun kafin ki roƙa. Amma ni ma ina da abin da zan faɗa wa Malam."

Washegari Ƙasim ya zo ya durƙusa gaban Malam. "Malam, laifina ne. Na san tana juyawa, na san tsayin katangar, kuma na haɗa wa wanda ba ɗan gida ba. Ban yi tunani ba."

Malam ya dube shi. "Wancan ya zo da laifinsa a hannu yana neman yabo. Kai ka zo da naka kana neman gafara. Hau ka sauke ta. In ka gama, ka ce wa kawunka ya dawo."

Ƙasim ya sauke ta, ya sa wata marar juyawa a cikin ɗakin batir, ba abin da take gani sai batir. Hular kuwa ya wanke ya kawo, Malam ya ce ya riƙe.

Bayan kaka aka ɗaura aure a masallacin Garo, sadaki daidai ƙarfin ango. Abokansa na Gwarzo suka yi ta masa tsiya, shadda sabuwa fil amma hula duk ta koɗe. Bai kula su ba.

Malam ya dafa kansa, daidai kan hular, ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Ya rufa muku asiri yadda wannan ta rufa nawa."