Laimar Misis Probert

Ranar da Hester Probert ta fara ganin Emrys Gwatkin, yana tsaye ne a gaban mahaifiyarta da hannu a miƙe, yana neman ta ba shi laimarta.

Ƙungiyarmu ta masu lambu ta ƙauyen Coldwell ce ta kai ziyara Gidan Ashcote a watan Yuni, kamar yadda muke zagaya tsofaffin gidajen karkarar Herefordshire duk shekara idan wardi ya buɗe. Hester ce take tuƙa mu, domin tun rasuwar mahaifinta bas ɗinsa ta koma hannunta. Mahaifiyarta kuwa, Misis Enid Probert, ita ce shugabar ƙungiyar, dattijuwa mai farin gashi wadda ba a ja da ita a kan maganar taki, balle a kan maganar aure.

Muna da wata ɗabi'a da ba ma faɗa a fili. Duk wanda ya daɗe yana bin waɗannan tafiye-tafiye ba ya komawa gida haka nan. Ɗan reshe daga nan, ɗan iri daga can, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a kai gida a dasa. Wasu a aljihu suke sakawa, wasu a jaka. Misis Probert a cikin naɗaɗɗiyar laima take zura nata, shi ya sa ko rana ake ƙwallawa ba ta rabuwa da ita. Ba mu taɓa kiran abin sata ba, ko da yake na daɗe ina neman wani sunan da ya dace da shi ban samu ba.

Emrys sabon gadina ne, wato mai kula da lambun gidan, dogon saurayi mai kunnuwan da rana ta mayar ja, kuma babu wanda ya sanar da shi cewa kau da kai ake yi. Ya ga Misis Probert tana datse reshen wani tsohon wardi da ke jikin katanga da almakashin yankan farce. A gaban dukanmu ya buɗe laimar, rassa suka zubo a kan tsakuwa. Ya ce wardin nan ya girmi kowa a wurin, kuma idan kowace baƙuwa ta yi haka, kafin kaka katangar za ta koma tsirara.

Kowa a cikinmu ya dafe aljihunsa. Babu wanda ya ce ba ita kaɗai ba ce. Misis Probert ta karɓi laimarta, ta naɗe ta a hankali, ta wuce cikin bas ta zauna. Ko shayin da aka tanadar mana ba ta sha ba.

Hester ta bi shi har rumfar ajiye kayan aiki da niyyar ta wanke shi tas. Ta same shi yana tsoma rassan cikin kofin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta buɗe baki ya ce ya san ya yi wauta, bakinsa ne kullum yake riga hankalinsa.

"Mahaifiyata ce," in ji Hester.

"Na gane. Hancinku iri ɗaya."

"Au, har hancin ma ka duba?"

"Naki na duba. Nata daga baya na lura."

Ta so ta riƙe fushinta, dariya ta ƙwace mata. Da ya nemi lambarta, wai don ya aika wa Mama ban haƙuri, sai ta ce tana nan rubuce ɓaro-ɓaro a jikin bas, in dai yana iya karatu.

Ba a daɗe ba saƙonsa ya shigo: "Direba, barka da safiya. Rassan Mamanki ba su mutu ba. Idan sun yi saiwa zan kawo mata a tukunya. Ke kuma me zan kawo miki?"

Ta amsa: "Ɗan sandan fure, kada ka kuskura ka kawo mata komai yanzu, har yau ba a ambaton Ashcote a gidanmu. Ni kuwa ka kawo kanka ranar Lahadi, bakin gadar kogin Wye. Ka wanke farcenka."

Haka suka cinye watannin zafi a bakin kogin nan. Shi yana gaya mata sunan kowace ciyawa da ke cikin shinge, ita tana yi masa dariya saboda ba ya iya juya ko ƙaramar motarsa a lungu sai ya taka fure. Ta gano cewa mutum ne da ba ya iya ƙarya ko ta wasa, ya gano cewa duk kaifin bakinta, a kujerar direba take zama ta yi kuka idan kewar mahaifinta ta taso. Lokacin da tuffa ta fara ja a gonaki, ya tsayar da ita a ƙarƙashin wata bishiya ya ce ba shi da komai sai hannayen nan biyu masu kaushi, amma in tana so, nata ne har su daina aiki.

"Ina so," ta ce. "Amma ka saurare ni, Emrys. Babana ba ya nan. Mama ce za ta riƙe hannuna ta miƙa maka a coci. In ba ta yi ba, ba zan iya shiga ba. Ni kaɗai gare ta."

Misis Probert ta ce ba za ta yi ba. Ta ce kowa Hester ta kawo za ta karɓa, ko da ɗan siyasa ne, ban da wanda ya zubar mata da mutunci a gaban ƙawarta Mavis. Da wardin ya yi saiwa Emrys ya kawo shi a tukunya, ta bar shi a bakin ƙofar shinge, sai dai maƙwabta sun ce sun ga tana fitowa da sassafe tana ba shi ruwa. Sannan ta ɗauko wani likitan haƙori mai suna Jolyon, ɗan wata ƙawarta, ta riƙa zaunar da shi a kujerar da ke bayan direba a kowace tafiya. Labari ya kai wa Emrys, ya daina aiko saƙo.

Hester ce ta rubuta masa: "Ɗan sandana, Jolyon haƙora yake kallo, ba ni ba. Ya ce na ƙasa suna buƙatar gyara. In ka gama kumburin, akwai kujera ɗaya a tafiyar Satumba, kusa da Mama, don babu mai yarda ya zauna nan. Ka zo. Na gaji da kewarka."

Ya zo, sanye da kwat ɗin da bai saba da shi ba. Misis Probert ta dube shi sama da ƙasa, ta kwantar da laimar a tsakaninsu. A hanya ya miƙa mata alewa, ta ce ba ta karɓar abu daga hannun hukuma. Abin da bai sani ba, ita ma ba ta sani ba tukuna, shi ne Hester ta zare almakashin daga jakar uwar tun da safe, don a yi tafiyar lafiya.

Gidan Trewell muka nufa. Babban gadinan wurin, Mista Tudge, shi ne ya koya wa Emrys sana'a tun yana ɗan makaranta. Bayan an zagaya da mu lambun, jama'a suka shiga cikin gida kallon hotunan kakannin masu shi. Ni gwiwata ta hana ni hawan matakala, sai na zauna a benci bayan wani shinge. Daga nan na ga Misis Probert ta ja baya, ta nufi wani itacen fure fari da ake cewa kakan mai gidan ne ya kawo shi daga ƙasar Sin. Ta laluba jaka ba ta sami almakashi ba. Ta tsaya jim, sannan ta kama reshen da hannu ta fara murɗawa. Reshen ya ƙi tsinkewa, ɓawo ya fara saɓulewa zuwa ƙasa.

Emrys ya biyo ta ne don ya sami damar yi mata magana su biyu. Abin da ya tarar ke nan.

"Misis Probert, za ki feɗe shi."

"Je ka kira 'yan uwanka 'yan sanda."

"Don Allah ki saki. In ya yage a haka, ruɓa zai bi shi har gindi."

Ba ta saki ba sai da ya zaro wuƙarsa daga aljihun kwat, domin gadina ko coci zai je da ita yake zuwa. Ya yanke reshen daidai ƙarƙashin gaɓa, ya gyara bakin raunin. Yana tsaye, wuƙa a dama, reshe a hagu, sai ga Mista Tudge ya fito da dukan jama'a ta ƙofar baya.

Tsohon ya dubi wuƙar, ya dubi reshen. "Emrys Gwatkin. Da wuƙar da na ba ka?"

"Ni na yanka, Mista Tudge."

Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Mista Tudge ya ce zai buga wa masu Ashcote waya su san irin wanda suka ba amanar lambunsu. Mavis ta ce ashe mai dokar ma yana taɓawa. Hester, da ta taho daga wurin ajiye motoci, ta dubi Emrys, ta dubi uwarta, ta gane komai, amma wa za ta tona a cikinsu? Ni ma na sani, na kuma ci gaba da zama a bencina ina jiran wani ya riga ni. Misis Probert ta juya ta tafi ɗakin shan shayi, ba ta waiwayo ba.

A ɗakin shayin, sai ƙarar cokali kawai ake ji. Emrys bai shigo ba, yana can zaune a matakalar bas. Misis Probert ta zuba shayi ta bar shi ya huce. Can sai ta miƙe, ta taka har teburin da Mista Tudge yake, ta ɗaga laimar ta buɗe ta. A wurinmu ba a buɗe laima a cikin ɗaki, ana ganin jawo tsiya ne, har Mavis ta rufe ido. Ganyaye da 'yan rassa na lambun Trewell suka zubo a kan kek.

"Waɗannan da farce na tsinke su," ta ce. "Wancan kuwa ni na fara murɗe shi. Yaron nan ɓarnata ya gyara. In waya za ka buga, ka buga wa limamin cocinmu."

Mista Tudge ya tsince ganye daga cikin kofinsa. Ya ce tun kafin a haifi Emrys yake ganin laimar nan tana shiga lambunsa siririya tana fita da ciki, kuma da ta taɓa roƙa ko sau ɗaya, da ya ba ta har da tukunya. Ta ce kowa ya san reshen da aka roƙa ba ya kamawa kamar wanda aka ɗauka. Tsohon ya fashe da dariya, ɗakin ya ɗauka, waɗansunmu muna dariyar muna gyara zaman aljihunmu.

Ta fita wurin Emrys. Ya miƙe, ta ce ya zauna, ita ma ta zauna a gefensa a matakalar.

"Me ya hana ka faɗa? Kai da bakinka ba ya riƙe komai."

"Na taɓa faɗa, Misis Probert. Na ga yadda kika tafi ranar. Ba na so in sake gani."

Ta dubi takalmanta, sannan ta ce, "Tashi ka kawo mini shayi mai zafi, madara kaɗan. Kuma ka daina ce mini Misis kamar mai karɓar haraji."

A hanyar komawa, Jolyon ya sami wata malamar makaranta mai wushirya ya koma kusa da ita. Misis Probert ta yi ta yi wa Emrys tambayoyi a kan iyayensa da kuma maganin ƙwarin kabeji, har barci ya ɗauke ta a kafaɗarsa. Bai motsa ba har Coldwell. Hester tana kallonsu ta madubi. Da ta ɗauki lasifika don ta sanar da mu wurin sauka, sai ta fasa, ta mayar da ita don kada ta tayar da uwar, muka sauka da kanmu.

Da yamma ta aika masa: "Ɗan sandana, yau ka zama ɓarawo saboda ni. Mama ta shigo da tukunyar nan cikin kicin. Ta ce ka zo cin abinci ranar Lahadi, kuma watan Yuni ya fi dacewa da biki."

A watan Yuni aka yi, a ƙaramar cocin Coldwell. Ƙungiya ce ta ƙawata wurin, har ba a ganin tagogi don fure. Mista Tudge ya zo da tsohon kwat ɗinsa, ya zauna a sahun dangin ango. Hester ta shigo a hankali, hannunta cikin na uwarta, Emrys yana tsaye a gaba kunnuwansa sun fi na kullum ja.

Da liman ya tambaya wa ke ba da wannan yarinya, Misis Probert ta ce ita ce, da muryar da aka ji har ƙofa. Ta ɗora hannun Hester a kan na Emrys, amma ba ta saki nan da nan ba. Mu na sahun gaba mun ji abin da ta ce masa ƙasa-ƙasa.

"Wannan dai roƙa ka yi aka ba ka, ɗana. Sai ka ninka kulawa."

"Zan yi, Mama."

Ta saki, ta koma ta zauna kusa da Mavis tana neman hankici. Allah ya sa albarka a gidansu, ya ba su zuriya mai kunya da tausayi, ya kuma bar su tare har tsufa.