Aninan Gindin Rumbu

Magariba ta kawo kai a garin Sara, kaji sun shige akurki, Barira na kwashe tuwo, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Wani ya sauka cikin tukunyar miya. Wani kuma ya taho a hankali, kamar hannu ne ya ajiye shi, ya zauna a gaban mijinta Badamasi. Da ɗuminsa.

Badamasi ya san dalili, amma ya miƙe yana zagin 'ya'yan maƙwabta. Mutum ne da ya kayar da kowa a gasar kokawa zamanin ƙuruciya, aka rataya masa lamba mai ruwan zinare. Tun daga ranar babu baƙon da ya sha ruwa a gidan nan bai sha labarin ba, har mai gyaran rediyo. To, kwanan baya ya ji wai wani Alhaji ya sauka a Birnin Kudu yana sayen tsofaffin kuɗi, wai anini mai huji guda ya isa babur. Ya tuna tulun aninan da kakansa ya binne a gindin rumbu, wanda aka yi wasiyya kada a taɓa. Ya tone, ya haɗa da lambarsa, ya hau mota.

Ku ji rashin ta-ido. Alhajin ya juye aninan a buhu, ya miƙa masa abin da ya ƙare a mota da tsire. Lambar kuwa ya kankare ta da makulli, ya yi dariya.

"Gwangwani ce, Baba. Kai wa yara su yi wasa."

Jifa bai fasa ba. Kullum rana ta faɗi sai a ji wata murya cikin rumbu tana kiran sunan kakan da ya daɗe a ƙasa. Ran nan Khairiyya, autarsu, ta je ɗebo dawa, ta dawo tana tafiyar tsoho. Ta zauna a tabarmar ubanta, ta harɗe ƙafa. Ba ci, ba sha, ba ƙiftawa. Barira ba ta nemi shawarar kowa ba, ta aika garin Zandam a ɗauko Malam Haladu.

Malam ya iso ana kiran salla. Bayan ya idar ya zauna ya yi ta karatu, har yarinyar ta buɗe baki, murya ta fito mai kauri kamar daga rijiya.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni. Ni ne mai gadin rumbu. Kakan wancan ya ajiye ni, aninan ladana ne. Gara ta taɓa shiga? Ɓarawo ya taɓa hawa?"

"An zalunce ka," in ji Malam, "amma yarinya ba ta ci maka komai ba. Mai sayen ya bar gari. Faɗi abin da zai raba ku."

"Lambar wuyan Badamasi nake so."

Daɗi ya kama Badamasi. Aljani guda zai karɓi gwangwani! Ya matse ido yana neman hawaye. "Zinare ce tsantsa, amma saboda 'yata…"

Bakin Khairiyya ya yi dariyar da ba tata ba. "Ina tsaye aka kankare ta, Badamasi. Ba ƙarfen nake so ba. Ranar nake so, da ihun, da kiɗan, da ƙurar fagen. Duka."

Malam ya juyo. "Ka ji da kunnenka. Ni ba zan zaɓa maka ba."

Badamasi ya dubi leɓen yarinyar, ya bushe har ya tsage. Ya cire lambar, ya jefa cikin tulun. Malam ya sa aljanin ya rantse ba zai dawo ba. Khairiyya ta yi atishawa, ta ce, "Inna, ruwa."

Jifa ya ɗauke. Bayan sati Sabo, abokinsa tun na yarinta, ya kawo wani baƙo. Badamasi ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Ai shekarar da na…"

Ya tsaya. Ya laluba cikin ransa, babu fage, babu kiɗa, babu kowa.

"Da ka yi me?" in ji Sabo. "Kai da ko ɗan akuya ba ka taɓa kayarwa ba?"

Khairiyya ta fito da kwanon ruwa, ta durƙusa. Badamasi ya shafa wuyansa, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya tura wa baƙon kwanon.

"Sha ruwa, Malam. Babu labari."