Takardar da Aka Buɗe ta Baya

A tashar bato ta Treichville, inda ake hawa jirgin ruwa, suka fara haɗuwa, kuma da faɗa aka buɗe zancen.

Tsahara, malamar aji uku a wata makarantar faranko-arab, mai koyar da faransanci da larabci, da ke Adjamé Liberté, tana jiran jirgin ruwan da zai tsallaka da ita, sai idonta ya faɗa kan kwamfutar saurayin da ke zaune kusa da ita. Ga sunan ajinta nan ɓaro-ɓaro, an shafa masa ja.

"Malam, me ajina ya tsare maka da ka shafa masa ja?"

Ya ɗago, ya ga idanun da ke hararar sa. Fatihu kenan, ma'aikacin wani shiri da ke tattara sakamakon jarrabawar makarantun faranko-arab na Adjamé da Treichville, don a gano inda yara ke tuntuɓe a gyara.

"Ja ba zagi ba ne, Malama," ya ce. "Alama ce ta inda ya kamata in riƙa zuwa."

Ya kuwa riƙa zuwa. Tun yana fakewa da aiki har ya daina wahalar da kansa. Yana kiran ta Malamata, tana kiran sa Mai Alƙaluma, kuma duk ranar Asabar sai sun ci aloko, wato soyayyar ayaba, a bakin ruwa kafin ya raka ta ta hau gbaka, ƙaramar motar haya.

To, ana zaman lafiya sai sunan Nuriyya ya shigo.

Nuriyya malama ce a Treichville, wadda ajinta bara yake ja, bana ya koma kore. A taron malamai Fatihu ya tashi ya yaba mata, aka yi tafi, Tsahara na zaune da nata jan. Daga nan kuma bakinsa bai huta ba: Nuriyya ta ce, Nuriyya ta gwada, jiya na leƙa ajin Nuriyya. Shi gogan bai ma san yana zuba wa wuta fetur ba.

Kishi ya ci Tsahara. Ta koma gida ta zazzage wa mahaifiyarta Hajo komai cikin kuka, ba ta lura mahaifinta na alwala a bayan ƙofa ba.

Alhaji Mati, babban dillalin goro a kasuwar Adjamé, mutum ne da ba ya wasa da sunan gidansa. Ya ajiye buta ya ce, "Yaron da ake cewa zai turo magabatansa ne ya kunyata min 'ya a gaban jama'a? To kar su wahalar da takalmansu."

Sai a lokacin hankalin Tsahara ya tashi. Ita fa so take a lallashe ta, ba a raba ta da shi ba. Amma bakin alƙalami ya bushe, Alhaji ba ya magana biyu.

Washegari saƙon Fatihu ya shigo:

"Malamata, na ji hukuncin Baba, ban iya karyawa ba. Amma ki duba wannan. Yaranki sun amsa tambayoyin ƙarshe masu wuya, sun bar na farko masu sauƙi ba ko ɗigo. Yaron da bai iya ba ba ya haka. Ajin Nuriyya ma haka yake bara, shi ya sa nake zuwa can. Don Allah ki je ki gani."

Duk tsawon saƙon nan, kalma ɗaya Tsahara ta gani: Nuriyya. Ta mayar masa:

"Ka aure ta mana, ku haifi 'yan kore-kore."

"Ni ja nake so," ya amsa. Ta kife wayar, tana murmushi tana jin haushin murmushin.

Ta dai je Treichville, amma kar ku ce neman ilimi ya kai ta. Fuskar Nuriyya take son gani. Ta kuwa gani, abin haushi, kyakkyawa ce son kowa, ga fara'a. Tsahara ta zauna a bencin baya ta haɗe rai.

Nuriyya ta raba wa yara takardun gwaji na faransanci, 'yan shafuka a ɗinke, kowace da ɗan koren tambari manne a bangonta na gaba. Ta ɗaga ɗaya sama.

"Da safe, a darasin larabci, ta ina muke buɗe littafi?"

"Ta dama!" yaran suka amsa.

"Wannan fa?"

"Ta wajen kore!"

Nan take Tsahara ta gane. Yaranta ma da larabci suke wuni tun safe, hannunsu ya saba. In an miƙa musu takardar jarrabawa sai su buɗe ta baya, su faɗa kan tambayoyi mafi wuya, su yi ta fama har lokaci ya ƙare ba su iso masu sauƙin ba. A gabanta ake yi, tana gaban aji tana kallon agogo.

Da aka tashi, Nuriyya ta matso. "Ke ce Tsahara. Ai tun kafin ki zauna na gane ki."

"Ya ba ki labarina kenan."

"Labari? 'Yar'uwa, ba zan ɓoye miki ba, na so a ce ni yake zuwa gani. Amma ko zancen alli muka fara, a ajinki yake ƙarewa. Ni ce ya kamata in yi kishin, na kuma yi na gaji." Ta damƙa mata ragowar tambarin. "Ungo, ki kai wa yaranki."

Kunya ta rufe Tsahara, da ƙyar ta iya cewa na gode.

Ba ta bi ta gida ba, kasuwa ta nufa, ta kutsa tsakanin masu tura amalanke har rumfar mahaifinta. Ta durƙusa gefen huhunan goro ta miƙa masa takardar gwaji ɗaya.

"Baba, don Allah duba min wannan."

Alhaji Mati ya goge hannu, ya yi bisimilla, ya juya takardar ya buɗe ta dama, yadda ya saba buɗe Alƙur'aninsa tun yana yaro.

"Ka gani, Baba? Ta baya ka buɗe. Haka yarana suka yi. Fatihu ne ya hango a cikin sakamakonsu, yana ta neman yadda zai fitar da ni kunya, ni kuma kishi ya hana ni saurare. Abin da na faɗa a gida, kishi ne ya faɗa."

Alhaji ya dubi takardar, ya dubi 'yarsa. Can ya yi dariya har rawaninsa na girgiza.

"Ashe ni ma da ja zai shafa min." Ya rufe takardar. "Kin buɗe yaron nan ta baya, kika sa ni ma na buɗe shi ta baya. Ki ce ya turo su. Goron ɗaurin aure kuma kar su saya, nawa ya fi na kowa."

A gwajin da ya biyo baya ajin Tsahara ya fita daga ja, sauran makarantun shirin ma duk suka ɗauki dabarar tambarin. Bayan sallar layya aka ɗaura aure a Adjamé Liberté, Nuriyya na cikin ƙawayen da suka kai amarya, duk da Tsahara ta tabbatar ba a zaunar da ita kusa da ango ba. Hali ai zanen dutse ne.

Ana cikin hidima wayar amarya ta yi ƙara a ƙarƙashin mayafi.

"Malamata, yau wane launi zan sa miki?"

Ta rubuta: "Duk wanda ka ga dama, Mai Alƙaluma. Amma daga yau aji ɗaya za ka riƙa leƙawa."

Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya kawo zuri'a mai albarka, masu buɗe littafi ta dama da ta hagu.