Nauyi a Kujera ta Uku

An sake ɗage tashin rokar. Na'urar auna nauyi ta kujera ta uku ta nace akwai mutum zaune, alhali ɗakin 'yan sama jannati da ke cikin rokar babu kowa. Mun canja ta, mun canja wayoyinta, duk a banza.

Bayan faɗuwar rana na rataye katin shaidata a allon ƙofa, yadda duk mai shiga ke yi. Nawa kaɗai ne a allon. Na hau hasumiyar da ke gefen rokar a gajiye, ko cizon sauro na daina ji.

A bakin ɗakin na tarar da wani dattijo cikin fararen kayan aiki irin na da, yana miƙa. Iskar teku na kaɗa rigata, tasa ko motsi.

"Ƙyale na'urar, samari," ya ce. "Ba ƙarya take ba."

Rediyona ya yi ƙara. Loretta ce daga ɗakin kula.

"Dwight, shegen kaya! Me ka taɓa? Kujerar ta koma sifili!"

"Ko shiga ban yi ba."

Dattijon ya sunkuya ya koma ciki.

"Kash," in ji Loretta. "Nauyin ya dawo."