Aron Dutsen Murhu

Ranar Laraba bayan la'asar Ma'aruf tela ya fitar da motarsa daga gida, karo na farko cikin shekara biyu. Matarsa Barakatu ce ta ce a sayar. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Malam, na gaji da yin shanya ina juya mata baya." Bakanike ya zo ya tayar da ita. Dillali ya zagaya ta yana taɓe baki, ya ce tsatsa ta ci rim ɗin tayoyin, a kankare a fesa musu fenti kafin mai saye ya gani.

Aikin bai taka kara ya karya ba, ko a ƙofar gida sai a yi shi. To amma a ƙofar gidan ne motar ta zame daga kan jak ta danne 'yarsu Hadiyya, 'yar shekara huɗu, da ta rarrafa ƙarƙashi za ta ɗauko masa noti ɗaya da ya gangara. Ma'aruf ba zai bari Barakatu ta sake jin kukan jak ba. Shi ya sa ya bar Daura ya kama hanyar Sandamu, ya ratse zuwa gonarsu ta gado, inda an gama girbi babu kowa.

Wannan karon komai a kan ƙa'ida ya yi shi, kamar mai alwala a gaban malaminsa. Ya zaɓi fako mai tauri. Ya sassauta notunan tayar gaba tun tana ƙasa. Ya shimfiɗa katako ya ɗora jak a kai. Ya fito da safayar taya daga but ya kwantar da ita ƙarƙashin motar, daidai gefen da zai ɗaga, don ko jak ya ci amana motar ta sauka a kanta. Saura abin da zai tokare tayar baya, domin birkin hannun ya daɗe da mutuwa, fakon kuma yana da ɗan gangare.

Wanda ya san wannan yanki ya san yashi ne iya ganinka, sai ka gaji da yawo ba ka samu dutsen kirki ba. Ma'aruf ya duba gabas ya duba yamma, sai ya tuna da kufan da ke gefen gonar, gidan wasu mutane da suka tashi tun kakansa yana yaro. A cikin rusasshen ɗakin girki ya tarar da duwatsun murhu uku, baƙi ƙirin. Mutumin da ko allurar maƙwabci ba ya ɗauka sai ya tambaya, ga shi yau ya sunkuya ya ciccibi ɗaya, babu sallama babu bismillah. Ya ji ɗumi a jikin dutsen, ya ce rana ce.

Ya tokare taya, ya ɗaga mota, ya cire ta gaban ya zauna a kan buhu. Ya yi ta gurzar rim da samfefa, jar tsatsa tana zuba a kan wandonsa. Ya rufe robar tayar da tsohuwar jarida, ya girgiza gwangwanin fenti ya fesa. Bai lura da gushewar rana ba sai da ya jiyo kiran magariba can nesa, sama-sama.

Gyare suka yi shiru.

A ƙarƙashin warin fenti sai ya ji wani ƙamshi daban. Hayaƙin kara. Daddawa. Miya tana tafasa a wani wuri kusa.

"Bawan Allah."

Raɗa ce, a daidai kunnensa na hagu. Ya waiwaya. Babu kowa sai kututturan dawa.

"Bawan Allah, dutsena."

Muryar mace ce, tana rawa kamar ta mai naƙuda. Gwangwanin ya faɗi daga hannunsa. Ya buɗe baki zai yi addu'a.

"Kada ka ɗaga murya," in ji ta. "'Yata tana barci a gindin murhu. Ka ɗauke dutse, tukunya ta karkace. Tun la'asar nake riƙe da ita da hannu biyu ina kiranka, sai yanzu ka ji."

"Baiwar Allah," ya ce da ƙyar, "ki janye yarinyar mana."

"Da wane hannun? In na tashe ta kuwa, jikina za ta rarrafo."

Ya dubi kufan. Taku arba'in ne tsakaninsu. Wani jan haske yana motsi a jikin rusasshen bangon, inda rabon da a hura wuta tun kafin a haife shi.

Ya dubi motar. Ya san abin da ya kamata: a mayar da taya, a ɗaura notuna, a sauke jak, sannan a cire dutse. Ya lalubi notunan a cikin duhu. Ɗaya. Biyu. Na ukun ya suɓuce ya gangara gefen fakon ya nutse a yashi.

"Yatsuna sun daina ji," ta ce.

Ma'aruf ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, amma baƙin cikin da ya taso masa ya fi tsoron. Yarinya ɗaya ta riga ta tafi ta hannunsa. Ya watsar da notunan.

Ya durƙusa bayan motar ya kama dutsen. Zafi kamar yanzu aka ciro shi daga wuta. Ya cije, ya fizga.

Taya ta motsa.

Jak ya yi ƙara siririya, irin wadda yake ji cikin barcinsa shekara biyu.

Ya mirgina gefe. Ƙarfe ya shafi kafaɗarsa ya yage rigar. Wani abu mai nauyi ya doki ƙasa a bayansa. Bai waiwaya ba.

Ya ruga da dutsen a ƙirji, yana jin ƙaurin fatar tafinsa.

A bakin ɗakin girkin ya ci birki. Wuta tana ci a kan duwatsu biyu. Ƙatuwar tukunyar ƙasa ta karkace, miya tana tsartuwa a bakinta. Hannuwa biyu dogaye, sun fi ƙima, suna rungume da ita, sun yi fari fat saboda ƙuna. Bai yarda ya ɗaga ido ya ga fuskar ba.

A ƙasa, kan tabarma, ga 'yar ƙaramar yarinya ta dunƙule, yatsa a baki, da jigida a ƙugu.

Ya ce bismillah, ya tura dutsen mazauninsa. Tukunya ta zauna. Hannuwan suka sake ta a hankali, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar ta yi ajiyar zuciya ta juya, ta ci gaba da barcinta.

Mai hankali a nan zai gudu. Ma'aruf ya tsaya yana kallon tabarmar.

"Ku da kuke ganin abin da ba ma gani," ya raɗa, "ko kin taɓa ganin tawa? Hadiyya sunanta."

Miya ta ci gaba da tafasa.

"Mu ma binnewa muke yi, bawan Allah. Uku na binne a bayan ɗakin nan. Ban san inda suke ba."

Can daga arewa ƙasa ta amsa, dum. Kamar an saki taɓarya a turmi. Ta sake, dum. Kusa.

"Ubanta ne," ta ce da sauri. "In ya ga hannuna ba zai tsaya tambaya ba. Bi ta gabas. Kada ka koma wajen motar."

Dum.

Ya gudu. Kututture ya tsaga masa ƙafa, takalmi ɗaya ya fita. Numfashi mai zafi ya biyo ƙeyarsa har bakin kwalta, nan ya ƙyale shi. Wani mai babur da ya taso daga Sandamu ne ya kai shi gida, bai tambaye shi komai ba.

Tafukan hannunsa sun warke daga baya, amma yatsun ba su sake riƙe almakashi daidai ba, dole ya bar yanka ya koma ɗinki kawai. Sai dai ba wannan ya fi ci masa rai ba.

Washegarin daren da hantsi ya ce zai je ya dubo motar. Barakatu ta dubi hannuwansa da ta naɗe da tsumma, ta ɗauki hijabinta ta bi shi. A kufan babu toka babu tabarma, sai duwatsu uku. Motar kuwa ta gangara kamar taku ɗaya, jak ya kife gefe, gefenta ya sauka daram a kan safaya. Tsakanin ƙarƙashin motar da ƙasa akwai rata.

Ma'aruf ya kwanta rub da ciki ya zura hannu a ratar. Ya auna. Taƙi guda da ɗoriya. Ya sake aunawa.

"Malam, me kake aunawa?"

Bai taɓa faɗa mata ba. Kowa ya ce ƙaddara ce, shi ma ya bar ta a haka.

"Ranar Hadiyya," ya ce, fuskarsa a ƙasa, "safayar nan tana cikin but. Na tuna da ita. Na ce ai taya ɗaya ce, yanzu zan gama."

Barakatu ta durƙusa kusa da shi, ta zura nata hannun, ta shafa ƙasar ta shafa ƙarfen. Ita ce take yi wa yarinyar wanka, ta san kaurin ƙirjinta ba sai ta auna ba.

Ta daɗe hannunta yana ciki.

"Da ta ishe ta," ta ce.